Shekarar Rabin Kujera

Salamatu, Nura, Bilkisu, wannan babin naku ne, kuma ba na son wani ya karanta shi a tsaye. Tun kuna yara kuke ɗauke da wata magana da ba ni na ba ku ba, wai Baffanku Ɗanjuma ya sauke uwarku daga mota ranar jajiberin Sallah, a gaban jama'a, da azumi a bakinta. A bakin maƙwabta kuka tsinta, ni kuma a lokacin neman abin da za ku ci bai bar ni na zauna gyaran zance ba. Yanzu na ga abin ya girma tare da ku, har Nura yana iya wuce ƙofar gidan ƙanin ubansa bai leƙa ba. To ga yadda aka yi. Da hannuna nake rubutawa, hannun da bai riƙe biro ba sai da furfura ta fara fito mini. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri da layin, zancen dai a miƙe yake.

Bayan rasuwar mahaifinku, da na fita takaba, ban zauna jiran kowa ba. Wata maƙwabciyarmu a Kurmin Sarki ta haɗa ni da wani gida a Abuja inda ake neman mai girki. Matar gidan ma'aikaciya ce, ba ta son mai kwana. Tana son wadda za ta zo Litinin da Laraba da Juma'a ta dafa miya iri-iri a zuba a firji, ta tuƙa tuwon rana, ta kama gabanta. Aikin ya yi mini daidai, don sauran ranakun ina gida tare da ku. Da shi ake biyan haya, da shi ake auno hatsi, da shi Salamatu ta shiga sakandare. Ba ni da wani. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Aiki yana Abuja, ni ina Suleja, tsakaninmu kuwa sai mota. Ma'aikatan unguwarmu da na Iku da ke zuwa ofis kullum sun haɗa kai sun sayi wata doguwar bas ta hannu, suka ɗauki Ɗanjuma direba. Tsarinsu shi ne idan an yi albashi ka biya na wata gaba ɗaya, a ba ka kujera ta zama taka kamar gadon kwananka, daga Litinin zuwa Asabar. Ba a cewa kujera ta uku ko ta huɗu, sai dai a ce kujerar Malam wane, kujerar Madam wance. Abin alfaharin ƙungiyar shi ne ba a taɓa cusa mutum a motarsu ba. Kowa da wurinsa, ba mai zama a cinyar wani, ba mai tsugunawa a ƙofa, shi ya sa ma'aikatan hanya suka san ta, da sun hango ta sai su ɗaga hannu ta wuce.

Ba zan rage wa Baffanku haƙƙinsa ba. Shi ya yi ta jigilar mahaifinku asibiti har Allah ya yi ikonsa. Shi ya shige mini gaba na samu kujera a bas ɗin, bayan direba, gefen taga, alhali akwai masu jira da suka riga ni. Duk kaka sai ya sauke mana buhun masara daga Lambata. Kuma kun san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, mu namu har ya yi yawa. Da yamma in na shigo mota sai ya ce, Matar Yaya, yau me aka dafa wa masu kuɗi, ko romo ba a rago wa maigida? Ni kuma in ce masa maigidan da ba ya cefane ba ya tambayar miya. Duk motar sai ta ɗauki dariya, har waɗanda gajiya ta rufe wa ido.

Sai aka ƙara kuɗin mai. Ba zan tsaya ba ku labarin yadda gari ya yi ba, kun ga irinsa da idonku daga baya. Ƙungiya ta ƙara kuɗin wata, kuma ba ta yi zalunci ba, mota ba ta shan ruwan rijiya. Amma mai zuwa ofis kullum yana biyan kwana shida ya hau kwana shida. Ni ina biyan shida in hau uku. Da na auna sai na ga kusan rabin wahalata a ƙarƙashin taya take ƙarewa. Wata hanyar ita ce in bar ƙungiya in koma bakin titi, inda ake matse mutum huɗu a baya biyu a gaba, kuɗin kuma yana canzawa da fuskar gari. In hadari ya haɗu ya hau, in Litinin ce ya hau, in direba ya ga layi ya yi tsawo ya hau. Ga shi ba ka da tabbacin isa a kan lokaci. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai Talatu mai wanki, akwai masu share-share a ofisoshi, akwai masu raino, duk matan da ba a buƙatarsu kullum. Wasu suka fita daga ƙungiya, wasu ma aikin suka ajiye, don sun ga direbobi suke yi wa bauta.

Wata ranar Lahadi da hantsi Ɗanjuma ya yi sallama, ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya kore ku waje da kuɗin alewa. Sannan ya sassauta murya.

"Yaya, ki bar biyan na wata. Ki riƙa fita da wuri ki tsaya a Madalla wajen mai lemo. In na iso zan ɗauke ki. Ke ba ki da kuɗin mota."

Sai na yi muku bayanin Madalla. Duk kujerar da mai ita bai zo ba, in an fita gari an iso Madalla, Ɗanjuma yana cika ta da fasinjan hanya, kuɗin ya shiga aljihunsa. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Albashin da ƙungiya ke ba shi bai taka kara ya karya ba, sai aka bar masa wannan a matsayin goronsa, aka kawar da kai. Kujerar da ta fi kawo masa kuwa irin tawa ce, wadda aka san ranakun da za ta tashi babu kowa. Wato ni na biya, ranar da ba na nan a sake sayar da ita. Ban taɓa kiran wannan sata ba, har yau ba na kira. Amma na gode masa har zuciyata na ce a'a. Ranar da kujeru suka cika fa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi wani ya ja motar fa? Ba zan ɗora abincin 'ya'yana a kan alfarma ba, alfarma inuwar gajimare ce. Kuma in ni ina da ƙanin miji direba, Talatu mai wanki ƙanin wa gare ta? Ya yi dariya ya ce taurin kaina ya fi na yayansa, ya sha ruwa ya tafi. A ranar dai da dariya muka rabu.

A shekarar ce kuma na shiga makarantar yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a firamaren unguwa. Ranakun aikina ba na samun zuwa, kafin in fito daga go-sulo an tashi. Benci ya yi mana kaɗan, sai malamarmu ta nuna mini wani wuri a bakin taga ta ce na wata Maman Bitrus ne, amma ba ta zuwa Talata da Alhamis, in zauna. Na san matar nan da ɓawon gyaɗa kafin in san fuskarta, don kullum sai na share shi daga ƙarƙashin bencin ina mita. Ba mu haɗu ba sai ranar da malama ta tara mu duka don jarrabawa, muka zo muka tsaya a kan wuri ɗaya muna kallon juna. Sunanta Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce, tana haya a Iku. Tana wankin zannuwan gado a wani asibitin kuɗi a Abuja, Talata da Alhamis da Asabar. Ta riga ta saki kujerarta a bas ɗin don ba ta iyawa, ta koma bakin titi, har an ja mata kunne a wurin aiki a kan makara, an ce in ta ƙara ta nemi wani wurin. Muna tafe bayan an tashi tana ba ni labari tana ɓare gyaɗarta, sai na tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Maman Bitrus, duk watannin nan muna zama a benci ɗaya, mun taɓa faɗa?"

"Ina muka ga juna balle mu yi faɗa?"

"To me zai hana mu yi haka a mota?"

Ta yi dariya har ta tuntsure gyaɗar, ta ce mutanen nan masu takalmi sau-ciki ba za su saurari mai girki da mai wanki ba. Na ce mata kunne dai Allah ya ba su, mu kuma ya ba mu baki.

Mitin ɗin ƙungiya ranar Lahadi ake yi bayan la'asar, don masu zuwa coci su dawo, a barandar firamaren nan dai. Ciyaman shi ne Alhaji Isiyaku, ma'aikacin gwamnati, mutum mai son tsari, wanda ko hularsa ba ta karkata. Ba mugu ba ne, sai dai abin da bai gada ba yana ba shi tsoro. Mata ba su cika zuwa ba, in sun zo ma ba sa magana. Na tattaro Rifkatu da Talatu da wasu matan muka zauna a baya. Da aka gama zancen taya da na bakanike, Alhaji ya ce ko akwai mai magana, irin tambayar nan da ake yi ana naɗe tabarma. Sai na miƙe. Na ce abin da muke roƙo ɗaya ne, a yarda mutum biyu su haɗa kujera ɗaya, kowa ya biya rabi, su raba ranakun a tsakaninsu yadda ya dace da aikinsu. Ƙungiya ba ta yi asarar ko kwabo ba, don kuɗin kujera cikakke zai shigo. Kujerun da za su rage kuma ga masu jira nan sun gaji da jira. In mai rabi ta buƙaci wata ranar da ba tata ba, kuma akwai wurin da mai shi bai zo ba, ta biya na ranar a asusun ƙungiya ta zauna.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, wannan na yaba masa. Sannan ya ce ƙungiya ba kasuwa ba ce, yau in an yarda da rabi gobe wani zai zo neman kwata. Ya ce kujera sunan mutum ɗaya take amsawa tun da aka kafa ƙungiya. Sai ya ƙara da maganar da ta jawo komai.

"Malama Hajara, kujerar da ta tafi babu kowa ai ba ta cuci kowa ba. Hutawa take."

"Ranka ya daɗe, wace kujera ce ke isa Abuja babu kowa? Ni dai tawa ba ta taɓa hutawa ba. A Madalla ake cika ta."

Kowa a barandar ya juyo. Ɗanjuma yana jingine da ginshiƙi a bayana yana wasa da makullin mota, sai na ji ƙarar makullin ta tsaya. Ban juya ba. Na ci gaba na ce ba laifin direba ba ne, laifin waɗanda suka ba shi albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata ne suka bar shi yana tsinta a hanya. Na ce a ƙara masa a fili, kowa ya gani. Amma ku san halin taro, rabin farko na maganata ya shiga kunnensu da ƙarfi, rabin ƙarshe da ƙyar. Wata nas mai aikin karɓa-karɓa a asibiti ta miƙe ta ce ita ma tana biyan kwanakin da take barci a gida. Wani dattijo masinja ya ce matarsa ta bar aiki a kan wannan. Aka yi ta kai da komo har aka kira magariba. A ƙarshe aka yarda a gwada. Aka hana ɗaukar fasinjan Madalla, aka ƙara wa direba wani abu da bai kai abin da ya rasa ba. Alhaji kuma ya kafa sharaɗi, ya maimaita shi don kada wani ya ce bai ji ba. Duk ranar da mutum biyu suka yi jayayya a kan kujera ɗaya, ko aka ɗauki mutum ɗaya fiye da kujerun motar saboda wannan tsari, magana ta mutu, kowa ya koma na wata.

Za ku tambaye ni ko na san maganata za ta taɓa aljihun Baffanku. Na sani sarai. Mutumin da ya zo har gida ya ce zai ɗauke ni kyauta, shi na tona a gaban waɗanda ke biyansa. In aka mayar da ni barandar nan yau zan sake faɗa, don ba wata hanyar da za a gane cewa kujerar tana da daraja a ranakun da muke cewa a ba mu. Amma gaskiya tana da kuɗinta, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Daga ranar wasa ya mutu tsakaninmu. In na shiga mota na ce ina kwana, ya ce lafiya, idonsa a kan titi. Matarsa ta aiko a karɓi tukunyarta da ta shekara a gidanmu ba wanda ya tuna da ita. A gidan suna in na zauna a wannan tabarma ta koma waccan. Buhun masara bai daina zuwa ba, sai dai yanzu a ƙofa ake ajiye shi, ba sallama.

Tsarin kuwa ya kama. Mata suka yi ta neman abokan haɗi kamar masu shirya adashe, ana tambayar juna ke waɗanne ranaku ne naki. Talatu ta koma gidajen wankinta. Nas ɗin nan ta haɗa da wani malamin makaranta mai zuwa karatun ƙarin ilimi. Masu jira suka samu wuri. Kujerar bayan direba ta koma amsa suna biyu, kujerar Hajara da Rifkatu, kuma ranar Laraba da safe na san zan tarar da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinta. In ɗayarmu tana son musayar rana sai ta aika tun da wuri a daidaita. Na samu na numfasa, abin da mota ke cinyewa ya dawo tukunya. Amma na san akwai masu zuba ido a cikin motar, waɗanda suka ce mata ba za su yi wata uku ba su yi cacar baki ba. Shi ya sa nake bin matan ɗaya bayan ɗaya ina ce musu ko da wasa kada a ji kanmu.

Haka muka shiga azumi har ya zo ƙarshe. Wata ranar Laraba ina wanke tukwane matar gidan da nake wa aiki ta shigo kicin ta ce gobe Alhamis lallai in zo da sassafe, ana sa ran ganin wata, dangin mijinta za su sauka, kuma ba ta son jin wani uzuri. Na ce to. Alhamis ba ranata ba ce, amma ban damu ba. Kowace shekara ranar jajiberi bas ɗin rabinta babu kowa take tashi, ma'aikata sun gudu garuruwansu yin Sallah. Na ce zan biya na ranar in zauna duk inda na samu, ba sai na wahalar da Rifkatu ba, ita da ke kan gargaɗin ƙarshe. Lissafina ba na wauta ba ne, duk wanda ya san motar haka zai yi. Abin da ban sani ba shi ne labari ya zaga cewa a ranar za a raba shinkafar Sallah a ofisoshi. Da na fito bayan asuba sai na ga fuskokin da ba a taɓa gani ranar jajiberi ba. Masu ciwon baya sun warke, masu tafiya gida sun ɗaga tafiya, Musulmi da Kirista, kowa da buhu a naɗe a hammata. Na zauna a kujerarmu kafin in ga inda zai rage. Mota tana tsayawa tana ɗauka, ina juyawa ina dubawa, wurare suna cikewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu kai mahaɗar Iku ba sauran ko ɗaya. Ga Rifkatu a bakin hanya da jakarta.

Ta shigo, ta gan ni, ta dubi motar, ta gane. Ta sunkuyo ta ce mini a hankali in zauna, ina azumi, ita za ta bi ta titi. Na san in ta bi ta titi ranar jajiberi ba za ta isa ba sai rana ta take, kuma aikinta ya tafi ke nan. Alhaji Isiyaku yana gaba, ya juyo ya dube mu, ya dubi agogonsa. Duk motar ta zuba mana ido kamar masu jiran a fara dambe. A nan ne Baffanku ya buɗe baki ya yi mini maganar da ta wuce amsa gaisuwa, karo na farko tun ranar mitin.

"Yaya, zo ki zauna nan kan inji, kusa da ni. Ba mai tsayar da mu yau."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce direba ya san sharaɗi. Ɗanjuma ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi, mutumin da ke iya korarsa a ranar.

"Alhaji, matar yayana ce, kuma azumi take. In laifi ne a rubuta a kaina."

Ku sake karanta wannan layin, ku ukun. Wannan shi ne mutumin da aka ce muku ya sauke ni.

Na dubi injin, wuri ne mai kyau, da ɗan tsumma a shimfiɗe. In na zauna zan isa a kan lokaci, in dafa wa baƙi abinci, in riƙe aikina. Sai na waiga. Talatu tana can baya ta dafe baki. Nas ɗin ta sunkuyar da kai. Duk mai rabin kujera a motar nan ni take kallo, don sun san in na ɗora mazaunaina a kan injin nan, ranar Lahadi Alhaji zai ce an ɗauki mutum fiye da kujera, kuma bai yi ƙarya ba. Ni na kawo tsarin, ni na ce kada a ji kanmu. Sai na miƙe, na kama kafaɗar Rifkatu na zaunar da ita da ƙarfi, don tana ta turjewa.

"Yau Alhamis ce. Alhamis ta Rifkatu ce."

Na sauka da ƙafafuna. Ɗanjuma bai ja motar ba. Ya buɗe ƙofarsa zai fito, sai na buga gefen bas ɗin da tafin hannu yadda yaran mota ke yi, na ce masa ja motarka, mutane za su makara. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa giya. Masu shago da masu jiran mota a mahaɗar ba su ji abin da aka faɗa a ciki ba. Abin da suka gani shi ne mace ta sauko, mota ta tafi, kuma sun san ba ma shiri. Kafin azahar labari ya isa Kurmin Sarki da ƙafafu huɗu.

Ba zan ja zancen titi ba. Duk Suleja ta fito, motoci kuma sun juya sun koma ɗaukar masu tafiya garuruwa, inda kuɗi yake. Na yi kokawa a ƙofar mota da maza, aka take mini ƙafa, gyalena ya yage. Da guntu-guntu na isa, wannan ta ajiye ni a Zuba, waccan ta ƙara gaba da ni kaɗan. Ana kiran azahar na shiga gidan. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin albasa a mai, na san an riga ni. Matar gidan ba ta yi mini wulaƙanci ba. Ta ce ta jira har ta gaji, ta samo wata da ke zaune kusa, kuma ta ga gara ta riƙe ta gaba ɗaya, Suleja ta yi nisa. Ta ba ni haƙƙina da turmin atamfa. Na roƙe ta sau ɗaya, saboda ku. Ban yi na biyu ba.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san dalilinsa ba. Shi ya sa awakinmu biyu suka bar gidan suka nufi kasuwa. Shi ya sa Salamatu ta yi zangon karatu guda a gida tana kuka a bayan ɗaki tana zaton ban ji. Salamatu, na ji, kuma ni na jawo miki, ba Baffanki ba. A mitin na gaba Alhaji Isiyaku da bakinsa ya ce an gama gwaji, rabin kujera ya zauna. Yau ba bas ɗin ƙungiya a unguwannin nan da ba a haɗa kujera a cikinta, har masu sau-cikin ma suna yi, kuma yawancinsu sun ɗauka haka aka halicci mota. Ban damu su sani ba. Ku ne nake so ku sani.

Ban gaya wa kowa an sallame ni ba. Ranar Litinin da aka koma aiki na yi wanka na ɗaura sabuwar atamfar, na fito na zauna a kujerata. Na riga na biya rabona, kuma aiki ba ya zuwa ya tarar da mutum a kan gado. Niyyata in bi gidaje ina ƙwanƙwasa ƙofa. Da muka iso kwanar da na saba sauka, Ɗanjuma ya rage gudu da kansa yadda ya saba. Ban motsa ba. Ya dube ni ta madubi, ya wuce. Mutane suka yi ta sauka a ofisoshinsu har motar ta rage daga ni sai shi.

"Ina za ki sauka?"

"Ban sani ba tukuna."

Nan take ya gane. Ya ja motar muka bar manyan gine-gine, ya gangara wani fili a bayan gari, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, inda direbobin bas-bas irin tasa ke ajiye motoci su wuni suna jiran a tashi daga aiki, don man komawa Suleja da rana ya fi ƙarfinsu. Suna nan birjik, wasu a kan benci, wasu kwance a ƙarƙashin mota. Ya kashe inji. Ya nuna mini wani murhu da haɓarsa, duwatsu uku baƙi ƙirin, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu. Ya ce mai abincinsu ta koma garinsu tun kafin azumi, ba ta dawo ba, burodi da lemon kwalba suke ci har cikinsu ya fara ƙara kamar tsohuwar salansa. Yana maganar yana kallon sitiyari. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce ya yi haƙuri ba, kuma har yau ba wanda ya faɗa wa wani.

Na sauka na zagaya murhun, na duba inda ruwa yake, na duba ta inda iska ke kaɗawa. Sannan na dawo bakin tagarsa.

"Ka san dai Litinin da Laraba da Juma'a kawai nake zuwa."

"Na sani. Rabin kujera gare ki. Sauran ranakun ma ci burodi."

Ranar Laraba na shigo mota da babbar tukunyata a ka. Shi ya karɓa ya ɗaure ta a but ɗin motar.